Rediyo da Kukan Modem

Ba iyayenta ne suka raɗa mata Rediyo ba, mijinta ne, tun a shekarar farko ta aurensu, kuma duk wanda ya zauna da ita na minti biyar ya san bai zalunce ta ba. Mace ce mai tashi da magana ta kwanta da magana. In ba kowa a gidan, da keken ɗinkinta take hira. Zare ya tsinke ta yi masa faɗa, allura ta karye ta tuna mata asalinta. Shi kuwa mijin, wanda kowa ke kira Injiniya, kalma goma ta ishe shi yini guda har ya rage na gobe. Shekara talatin da huɗu suna haka, ita tana zuba, shi yana "uhm", kuma ba maƙwabcin da ya taɓa jin kansu.

Sai ga ciwo ya yi sallama. Wata uku da suka wuce, hawan jini ya kayar da Injiniya a bakin famfo yana wanke fuska, ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗaure masa harshe. Hankalinsa garau, idonsa garau, kunnensa kuwa ko ɓera ya yi tari a kicin sai ya ji. Maganar ce ta zama aiki. Kalma takan taso ta tsaya masa a maƙogwaro, ya yi ta fama da farkonta kamar mai tura mota a yashi.

Likitar da ke koya masa magana ta ja Rediyo gefe a barandar asibiti.

"Mama, harshen nan sai da motsi," in ji ta. "Watannin farkon nan su ne namu. A gida zai koya, ba a nan ba. In ya saba da shiru yanzu, to shirun ne zai zauna masa."

Rediyo ta ce ta ji, kuma ta ji ɗin. Sai dai ita ba ta iya ganin mutumin nan yana wahala ta naɗe hannu. Da ya buɗe baki ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ta yi wuf ta ƙarasa masa. Ya ce "ru", ruwa na hannunsa. Ya ce "ta", ta buɗe taga, ta kawo takalmi, ta shimfiɗa tabarma, duk a numfashi ɗaya, wai ko ɗaya zai dace. Ita a ganinta kaya take sauke masa.

Akwai kalma ɗaya da ta gagare ta. Kullum da safe, bayan ta goge masa jiki ta canza masa riga, tana tattara kwanuka za ta fita, sai ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Za... za..."

"Zafi? Bari in kunna fanka."

Ya girgiza kai. "Za..."

"Zazzaɓi? Na shiga uku, ina ma'aunin nan yake?"

Haka suka yi ta yi har ranar da ta ce, "Au, zagayawa za ka yi? To ai sai ka faɗa!" ta ruga ta ɗauko fo ta dire masa a gaban gado, alhali ƙanwarsa da ta zo dubiya tana zaune a ɗakin. Injiniya ya dubi fo ɗin, ya dubi matarsa, ya juya fuska bango. Tun daga ranar bai sake gwada ko harafi ɗaya a gidan ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan.

Tsoro ya kama Rediyo, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ya faɗi. Ran nan ai jikinsa ne ya faɗi, kuma an ɗaga shi. Yanzu kuwa yana nan kwance gabanta, yana cin abin da ta ba shi, yana shan magani, amma ji take yana tafiya yana barinta kaɗan-kaɗan. To me Rediyo ta sani ta yi wa tsoro in ba magana ba? Sai ta ƙara murya. Ta ba shi labarin mai kanti, da na rigar amaryar da aka kawo mata da awo ba daidai ba, da na autarsu da ta bugo waya daga wajen aiki, tana yi tana shara, tana yi tana ninke kaya, ba ta tsaya ba balle ta ji yadda shirunsa ya cika ɗakin.

A ɗakin akwai wani kanta da ba mai taɓa shi. Modem ne a jere har bakwai, tsofaffi, masu ƙananan fitilu a goshi, ta lulluɓe su da ragowar yadi don ƙura. Gefensu wayar tebur ce, wadda Injiniya ya hana a yanke layinta ko da kowa ya koma ta hannu. Shekara talatin ya yi a kamfanin waya, rabinsu a kan waɗannan akwatunan da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta ta layin tarho. An ce in modem ya yi kuka sau ɗaya, Injiniya zai gaya maka ciwonsa tun kafin a kwance shi.

Ita ma ta taɓa jin kukan, kuma ba ta ji da daɗi ba. Lokacin autarsu tana rarrafe ne ya fara kawo modem gida. Wata ranar hutu da hantsi yana ɗaki yana aiki, ita kuma ta ɗaga kan wayar falo za ta kira yayarta, sai ta ji wani shuuu mai ƙara kamar ana soya tsakuwa.

"Subhanallahi! Waye? Wa ke magana? Ba kwa sallama ne?"

Sai ga Injiniya ya fito hannu a ka. "Rediyo, kin kashe mini aikin awa guda."

Bai yi fushi ba. Kujera ya jawo mata, kuma ranar ya kashe kalmomin shekara guda a zama ɗaya.

"Kin ga layin nan? Siraran wayoyi biyu ne kawai a murɗe. Modem ɗaya a nan, ɗaya a can, kuma duka biyun magana suke yi lokaci guda."

"Lokaci guda? To wa ke jin wa?"

"Na da, masu tafiyar hawainiya, raba murya suke yi. Wannan ya ɗauki siririya, wancan ya ɗauki kakkaura, kowa ya san tasa. Wasu kuma bi da bi suke yi, ka faɗi taka in faɗi tawa. Amma masu saurin nan, kowanne hanyar yake so gaba ɗayanta. Sai suka zuba tare."

"Kamar ni da Yaya ke nan."

"Ke da Yaya ba mai jin wani. Su suna ji." Ya yi ɗan murmushinsa na gefen baki. "Duk abin da modem ya faɗa, layi yakan dawo masa da shi, amsa-kuwwa. Kuma ta fi muryar ɗan'uwansa ƙarfi, don tasa a kusa take, ta wancan kuwa daga nesa ta taho, ta gaji a hanya. To shi ya san abin da ya faɗa. Sai ya cire nasa daga abin da kunnensa ya kwaso. Abin da ya rage, shi ne maganar ɗan'uwansa."

"Yo ta yaya ya san yadda tasa ke dawowa?"

Sai ya sake buga lambar, ya ƙara sautin akwatin. Aka fara: ƙit-ƙit-ƙit na lamba, fito mai tsawo, ƙararrawa biyu, sannan shuuu.

"Wannan ba kuka ba ne, gaisuwa ce. Kasa kunne. Kin ji nan? Nan ɗaya ya yi tsit, ya bar ɗan'uwansa ya gwada murya shi kaɗai, ya ji yadda take dawo masa. Sannan su yi musanya. Sannan su auna layin, su shirya gudun da zai iya ɗauka. In layi ya lalace suna tsakiyar zance, ba sa kashewa. Sake gaisawa suke yi, su rage gudu."

"Ikon Allah, ƙarfe ma ya san ladabi," in ji Rediyo. Sai ta ji ƙaurin tukunyarta ta tashi a guje, kuma zancen ya bi iska shekara ashirin da wani abu.

A rana ta goma sha biyu ta shirun Injiniya, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ne, tsohon abokin aikinsa, wanda ya koma ma'aikatar ruwa, shi ma furfura ta ci rabin kansa. Sai da ya sunkuya ya shigo, jaka a kafaɗa, akwati a hammata.

"Uwargida, sannu da jinya. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi, Dogo, da sauƙi, sai dai ya yi mini yaji yana kwance. Shigo ka gan shi, ko kai zai kula ka."

Dogo ya durƙusa a bakin gado ya riƙe hannun hagun Injiniya da hannu biyu. "Maigida, dubiya na zo, amma ba zan yi maka ƙarya ba, da buƙata na zo." Ya ajiye akwatin a kan bargo. Modem ne, irin na kan kanta. "Akwai ma'aunin ruwa a bakin kogi, can sama da gada. Kullum da safe mukan kira shi ta layi ya faɗa mana inda ruwa ya kai. An canza mana modem na ofis, yau kwana shida ya ƙi haɗuwa. Ga damina ta kawo kai, ga mutane a ƙasan gadar. Masu digirin ofis sun duba, sun ce a jira sabon tsari baɗi. Na ce akwai kunne ɗaya da ya rage a garin nan."

Rediyo, da ke tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, ta ga Injiniya ya juyo daga bango. Kwana goma sha ɗaya tana zuba ba ta samu wannan ba, ga wani akwatin roba ya samu. Ta ji kishi, ta kuma ji daɗi, ta rasa wanne za ta fara ji.

Dogo ya zare layi daga wayar tebur ya soka a modem, ya haɗa da kwamfutarsa ta cinya, ya buga lamba. Ƙit-ƙit-ƙit, fito, ƙararrawa, shuuu. Shuuu ɗin ya yi tsawo, ya koma fito, ya sake shuuu, sai ƙit, ya mutu.

Injiniya ya ɗaga yatsa ɗaya. Dogo ya gane, ya sake bugawa. Wannan karon Injiniya ya rufe ido, ya karkata kai, yatsansa yana bin sautin a kan bargo. Da ya sake mutuwa sai ya buɗe ido, kuma ko makaho ya san mutumin nan ya gano ciwon. Ya ja numfashi. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ra... ra..."

"Rana?" in ji Rediyo, tun ba ta san bakinta ya buɗe ba. "Rana ce ta dame ka? Bari in ja labule. Ko ragowar shayinka? Ga shi nan da zafinsa. Dogo, ko ramin da aka binne wayar yake nufi? Ai na ce..."

Injiniya ya rufe bakinsa. Hasken da ya taso a idonsa ya koma. A hankali kansa ya fara juyawa wajen bango.

Kunya ta kama Dogo, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya danna kwamfuta ya sake buga lambar don kawai a samu abin ji. Rediyo ta tsaya da tire a hannu, bakinta a buɗe, kalmar da za ta faɗa ta maƙale. Rabonta da ta yi shiru a ɗakin nan har ta manta, shi ya sa kukan ya shige ta sosai. Fito, ƙararrawa, shuuu. Sai ta ji shi, ɗan wurin nan da sautin ya sirance, murya ɗaya ta janye ta bar ɗaya ita kaɗai. Ta ji muryar mijinta ta da, cikakkiya, tana cewa, kin ji nan? Nan ɗaya ya yi tsit.

Ta ajiye tiren a ƙasa, kofuna suka yi ƙara.

"Injiniya," ta ce. "Yi haƙuri. Na yi shiru. Wallahi na yi shiru. Faɗi abinka."

Ta kama bakin mayafinta ta cusa tsakanin haƙora ta cije.

Bai juyo nan da nan ba. Agogon bango ya yi ta tafiya. A waje mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa har sautin ya ɓace. Sannan Injiniya ya juyo, ya dube ta, ya ga mayafin a bakinta, ya daɗe yana kallo.

"Ra..."

Kalmomi goma suka taso mata a harshe. Ta danne su. Wayyo, ashe jira ciwo ne haka! Gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓensa na dama ya ƙi bin na hagu, ita kuwa hawaye ya cika mata ido, amma ba ta saki mayafin ba.

"Ra... ge," in ji Injiniya. Ya huta. "Gu... gudu."

Dogo ya daki goshinsa da tafin hannu. "Kai! Amma an yi asarar furfura! Wanda ya saka shi ya ɗaure shi a gudun ƙarshe, wai don aiki ya yi sauri. Ya hana shi sauka ƙasa!"

Injiniya ya gyaɗa kai. Bai ƙare ba, kuma ba wanda ya tare shi. "Layi... ya... tsufa."

"Ya tsufa, Maigida, ya sha ruwa ya sha rana. Ba zai ɗauki wannan gudun ba. Sauri ya haifi nawa."

Dogo ya ƙwanƙwasa 'yan haruffa ya kwance ɗaurin, ya buga lamba karo na huɗu. Fito, ƙararrawa, shuuu, ya koma fito, suka sake gaisawa, sannan shuuu mai laushi, sai tsit. Fitila ta uku a goshin akwatin ta kama, ta tsaya. Lambobi suka fara fitowa a fuskar kwamfuta, layi bayan layi, a hankali har mutum na iya karantawa suna zuwa, fitilar aikawa da ta karɓa suna ƙyaftawa tare.

"Ga shi nan! Ga kogi yana magana!" Dogo ya yi dariya har da tafi. "Bai kai rabin rabin gudun da ba, amma bai katse ba. Maigida, Allah ya bar mana kunnen nan."

Ya sha shayinsa a tsaye, ya naɗe wayoyinsa, ya mayar da layi jikin wayar tebur, ya sunkuya ya fita yana ta godiya. Rediyo ta raka shi ƙofa ta dawo. Ta tsinci kanta tana abin da ta saba, ta kwashi kofuna, ta gyara bargo, ta ɗauki tire ta nufi ƙofa, zuciyarta tana kicin tun ƙafarta ba ta kai ba.

"Za..."

Ta tsaya cak, bayanta gare shi.

Suka taso mata kamar kullum, zafi, zazzaɓi, zagayawa. Wannan karon ta saurare su, sai ta gane muryar. Tata ce. Tsoronta ne take jefawa wata uku, yana dukan bango yana dawo mata, tana cewa mijinta ne ya faɗa. Ta kawar da su ɗaya bayan ɗaya, ta juyo, ta jira abin da zai rage.

"Za..." Ya haɗiyi yawu. Hannunsa na hagu ya daddaɓa katifa a gefensa. "Za... u... na."

Rediyo ta dubi wurin da hannunsa yake. Gefenta ne na gadon, inda ta saba zama ta kwance ɗankwali tana ba shi labarin yini. Ta lissafa a ranta, ta ga tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti ba ta zauna a wurin ba ko sau ɗaya. A tsaye take ba shi abinci, a tsaye take ba shi magani, a tsaye take ba shi labari, a kujerar ɗinki take gyangyaɗi don kada ta takura masa.

"Abin da kake faɗa ke nan?" ta ce a hankali. "Duk safiyar nan? Ni kuma na kawo maka fo?"

Rabin fuskarsa ya yi dariya, ɗaya rabin ya bi a makare.

Ta ajiye tiren ta zauna. Katifar ta lotsa, kafaɗarsa ta jingino tata. Ya lalubo hannunta ya riƙe, hannun da allura ta huda ta sake hudawa, ita kuwa ta yi kukanta sosai, ba ta ɓoye ba. Da ta gama ta share fuska ta yi zamanta shiru. Minti ɗaya, biyu, biyar. Duk wanda ya san Rediyo ya san ba ƙaramin jihadi take yi ba.

Injiniya ya matsa hannunta.

"Re... diyo."

Ta jira.

"Kun... na."

"Au, yanzu kuma shirun ne bai yi maka ba?" Ta yi dariya cikin majina. "To bari ka ji yadda muka ƙare da uwar amaryar nan mai awon banza." Ta fara, amma a hankali, tana yi tana duban bakinsa. Tana tsakiyar zance ya ce "uhm", can kuma ya ce "ƙar... ya", a kan maganarta, ba tare da ta tsaya ba, kuma ta ji shi sarai.

"Ƙarya? Ni ce mai ƙarya? To faɗi naka, ina ji."

Ya fara faɗa. Shayin da ke kan tire ya huce, ba wanda ya tashi ɗumama shi.